Benci Mai Gajerun Ƙafafu

Ranar Talata ce. An tashi da hadari, amma ruwan bai sauka ba, sai zafi da ya danne gari.

Kafinta ya dawo gida cin abincin rana, garin katako a gashinsa, fensir a bayan kunne. Tun daga bakin ƙofa ya san ba lafiya. Rediyon Inna, mahaifiyarsa, a kashe yake, kuma rediyon nan ba a kashe shi sai in an yi rasuwa. Matarsa, wadda kowa ke kira Auta don ita ce ƙarama a gidan ubanta, tana durƙushe a bakin ɗakin Inna, kanta a ƙasa. Inna kuwa tana ciki tana cusa kaya a jaka.

Ya dubi wannan, ya dubi waccan. Ya tambaya ko tafiya ce ta taso.

"Tambayi malamar gidan," in ji Inna, ko juyowa ba ta yi ba. "Ai malama ka auro mana. Ni yanzu ɗaliba ce, ina ni ina magana."

Bai gane ba. Ya tsaya da hula a hannu kamar baƙo a gidan kansa.

Ga yadda abin yake. A unguwar akwai ƙungiyar mata da wata nas ta kafa bayan ta ajiye aikin asibiti. A tsohon garejin gidanta suke haɗuwa da yamma. Sukan bi gida-gida suna lallashin iyaye su bar 'yan mata su ci gaba da makaranta, sukan ɗinka wa yaran kayan makaranta da hannunsu, matan aure kuma da ba su san riƙon fensir ba a zaunar da su a koya musu. Auta ta taɓa makaranta tana ƙarama, abin ya tsaya, ta manta kusan duka. Ranar da ta nemi izinin zuwa garejin da dariya ta nema, shi kuwa Kafinta bai taɓa iya ce wa dariyar nan a'a ba. Dariyar ce ma ta kama shi tun farko, ranar da ta kawo masa karyayyar kujerar babanta ya gyara, ya zauna ya gwada, ta sake karyewa da shi. Inna ma ba ta hana ta zuwa garejin ba. Cewa kawai ta yi kada abinci ya makara.

To ƙungiyar tana da doka ɗaya da Nas ba ta sassautawa. Mace ba ta wucewa aji na gaba sai ta koya wa wata mace abin da ta koya, ta kawo ta an gani. Kowacce sai ta nemi tata ɗalibar.

Da safen nan Inna ta fita sayen sabulu. A gaban shago, cikin mutane, wata mata ta ce mata sannu ɗalibar Auta, yaushe za a saya miki jakar makaranta. Aka kwashe da dariya. Inna ta dawo ba sabulu.

Kafinta ya ja Auta ɗakinsu ya tambaye ta ko gaskiya ne ta faɗi haka. Ta ce gaskiya ne. Da aka tambaye ta wa za ta koya wa, Inna ce ta zo mata a rai. Ya ce me ya sa Inna, duk matan da ke unguwar. Ta tuna masa maganar waya. Inna ba ta iya nemo suna a wayarta, kullum sai ta jira wani ya danna mata lambar Yaya, 'yarta babba da ke aure a wani gari. Wata rana ta gaji da jira ta danna da kanta, ta zuba wa mai facin taya sirrin gida tas, bawan Allah yana ta neman inda zai sa baki ya ce ba Yaya ba ce. Inna ta yi kwanaki ba ta bi ta gaban rumfarsa.

Ya ce to ya ji. Amma me ya hana ta tambayi Inna tukuna?

"Oga, ta yaya zan dubi idon Inna in ce zan koya mata abu?" Hawaye suka zubo mata. "Kunya ce ta hana ni. Shi ya sa na faɗa a aji, don manya su ba ni shawarar yadda zan fara. Ban san za a fita da ita titi ba. Wallahi sori."

A shago in tebur yana rawa, kallo ɗaya yake yi ya san ƙafar da ta gaza. Nan kuwa ya duba ƙafar matarsa ya ga daidai take, ya duba ta mahaifiyarsa ya ga daidai take, ga tebur kuma yana rawa.

Inna ta kafa sharaɗi. Ko yarinyar nan ta bar garejin, ko ita ta koma gidan Yaya ta ƙarasa kwanakinta inda ba a mayar da ita abin dariya. Kafin yamma Yaya ta bugo waya. Ta ce masa ya zama mijin-ta-ce, ta ce uwar da ta goya shi ce za a zaunar a ƙasa ana ce mata maimaita. Ya ce Yaya ki saurara, ta ce ba ta saurarawa, ta kashe. Ya tsaya yana kallon wayar.

Bai ce wa Auta ta bari ba. Ya shiga ɗaki da niyyar yin magana, ya rasa ta inda zai kama, ya yi ta juya hula. Ita ce ta raba shi da wahala. Ta ɗauki littafinta da fensir ta ɗora can saman kabad inda sai ta taka kujera take kaiwa, ta ce ta bari.

Ya yi zaton shi ke nan an huta. Ba a huta ba.

Inna ba ta tafi ba, amma ba ta kwance jakar ba. Tana nan jingine a bakin ƙofa, kowa ya wuce sai ya kauce mata. Rediyo ya dawo, amma ƙasa-ƙasa. Auta tana gaisuwa, tana girki, tana shara, tana kai wa Inna ruwan wanka, ba ta rage komai ba. Dariyar ce kawai ta ɗauke. In yamma ta yi, lokacin da mata ke wucewa ta bayan katanga suna hira zuwa gareji, sai ta sami abin wankewa ta yi ta dirza, ko da mai tsabta ne.

Kafinta ba gwanin magana ba ne. Abin da ya iya shi ya yi. Ya gyara mata ƙofar kabad da ta daɗe tana ƙara. Ya yi mata sabon katakon yanka albasa. Ta ce ta gode, an gode Allah. Ya fi son da ta jefe shi da shi. Wata rana da rana ya same ta tana tsintar shinkafa, ya tsuguna kusa da ita ya ce in fushi take so ta yi, ta yi, shi ya cancanta.

"Ba fushi nake ba, Oga." Ba ta ɗago ba. "Shagonka ba shi da allon suna. Kowa sai ya ce shagon da ke kusa da famfo. Na so in rubuta maka allon da hannuna, ka zo da safe ka gani. Shi ke nan fa. Ba komai."

Ya tashi ya koma shago. Ranar ya yanka katako biyu ba daidai ba, abin da rabonsa da yi tun yana koyon aiki.

Tun kafin rigimar, Nas ta ba shi aikin bencuna, don matan a kan tabarmi da bulo suke zama. Ya ga bai kamata rigimar gidansa ta ci aikin mutane ba, sai ya ƙarasa su. Ya taɓa yi wa wata makarantar yara irinsu, awon yana kansa, bai tsaya tambaya ba. Ya goge su sumul, ya shafa musu mai, ya ɗora a amalanke ya tura zuwa gareji.

Ya tarar ana tsakiyar karatu. Garejin yana da tabon baƙin mai a ƙasa har yanzu, an shafa wa bango ɗaya baƙin fenti ya zama allo. 'Yan mata ƙanana suna gefe suna aikin gida, wasu mata biyu suna kan keken ɗinki. Sauran kuwa manya ne. Wasu da goyo, wasu da furfura. Ya sauke bencin farko, Nas ta dube shi ta saman tabarau, ta dubi bencin. Ta ce wa mata su gwada.

Suka zauna. Gwiwoyi suka taso har haɓa. Wata mai jiki ta zauna ta kasa tashi, sai da mutum biyu suka kama ta, tana cewa a kira mijinta ya zo ya ga inda ilimi ya kai ta. Gareji ya ɗauki dariya, har masu keken ɗinki suka tsaya.

"Malam Kafinta," in ji Nas, "ka auna mu kafin ka yanka?"

Ya ce bai auna ba. Ya ce da aka ce makaranta, yara ne suka zo masa a rai. Yana faɗa ya ji nauyin maganar, don matarsa ta yi watanni tana zuwa nan, bai taɓa leƙowa ya ga su wa ke zama ba.

Nas ta ja shi gefe ta tambayi Auta. Ta ce laifin nasu ne, daga cikinsu maganar ta fita, kuma ta yi wa mai bakin faɗa. Ta ce yarinyar tana da kai, saura ɗaliba kawai ta wuce gaba. Kafinta ya sosa ƙeya ya ce ko shi zai zama ɗalibin nata, tunda karatun nasa ma iyakarsa lambobin tef. Nas ta ce ya je ya zama mace tukuna ya dawo su yi magana.

Yana ɗora bencuna a amalanke sai ya ji an ce, "Kai, ɗan ƙawata." Mai Gishiri ce, aminiyar Inna tun suna 'yan mata, ta ma girme ta. Tana can ƙurya ta baya a kan bulo, fensir a hannu kamar ta riƙe wuƙa. Mamaki ya kama shi. Bai san tana zuwa ba. Ya gaishe ta, ya ga shafinta harafi ɗaya ne aka yi ta maimaitawa, shi ma a karkace. Ya ce ai ga matar ɗanta can a gaba, ya ji ana cewa ta fi kowa iya nuna wa mutum, me ya hana ta matsa kusa da ita. Mai Gishiri ta harare shi ta ce ya kula da katakonsa. Sannan ta ce ya gaya wa uwarsa tana nan tafe, akwai magana.

Ya turo amalanke gida yana tunani. Bencuna dole a ƙara musu ƙafa. Amma nawa? Ba zai ɗauki tef ya je yana auna ƙafafun matan mutane ba. Dattijuwa ɗaya ce a duniya da zai iya durƙusawa a gabanta da tef.

Ya sami Inna a tsakar gida. Ya ɗauko kujera ya roƙe ta ta zauna. Ta ce me kuma. Ya ce aiki ne. Ta zauna tana mita, ya durƙusa ya ɗora tef daga diddige zuwa bayan gwiwa. Ya sa mata katako a ƙarƙashin kujera ya ce ta tashi ya gani, ta tashi da ƙyar. Ya ƙara wani, ta tashi ba tare da ta dafa bango ba. Ta tambaya na wa ne. Ya ce na gareji ne, ya yi musu gajeru, tsofaffi sun kasa tashi. Ta ce waɗanne tsofaffi. Ya ambaci Mai Gishiri.

Inna ta ce, wannan da ba ta iya ƙirga canji sai da yatsu.

Yana durƙushe, kansa a ƙasa, ya ji ya fi samun bakin magana fiye da in yana tsaye. Ya ce Inna, shi fa ya rasa gane kan abin nan. In karatun ne ba ta so, ta faɗa masa. In Auta ce ba ta so, ta faɗa masa. Shi ya gaji da kauce wa jaka.

"Wa ya ce maka ba na so?" Muryarta ta sauka. "Kana zaton daɗi nake ji in riƙe waya kamar dutse ina jiran a zo a taimake ni? Amma ni ce uwar gidan nan. Matar ɗana ta tsaya a kaina ta ce Inna ba haka ba ne, sake? Da wane ido zan aike ta gobe? Kuma ba a ma tambaye ni ba. A titi na ji."

Ya naɗe tef, ya sake warwarewa.

A haka Mai Gishiri ta yi sallama ta shigo, tana dafa ƙugu. Ta ga jakar bakin ƙofa ta tambaya ko Inna ce za ta yi sabon aure. Inna ta ce in ma auren ne ba za ta gayyaci 'yan makaranta ba. Mai Gishiri ta ce gara ɗan makaranta da mai kiran mai faci tana ba shi labarin jikoki. Inna ta ce wa ya gaya mata. Ta ce mai facin. Suka yi ta yi, Kafinta yana tsugune a tsakaninsu, an manta da shi.

Da suka gaji, Mai Gishiri ta sauke murya ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce ciwonsu ɗaya. Ita ta daɗe tana zuwa garejin amma ba ta gaba, don matar ɗanta ce ya kamata ta zaunar da ita, ita kuwa in yarinyar ta ce mata Mama ba haka ba ne, sai ta ji kamar an mare ta. Yarinyar ma tana nan ta kasa wucewa aji na gaba, don ba ta da ɗaliba. Inna ta ce ai kuwa yarinyar nan mai ladabi ce, ta sha ganin ta, magana a hankali. Mai Gishiri ta ce ladabi ai sai Auta, ga fara'a, ga haƙuri, in da ita ce da tuni ta iya rubuta sunanta. Inna ta ce a nesa ne take ganin haka. Mai Gishiri ta ce ita ma a nesa take ganin tata.

"To ki ɗauke ta mana," in ji Inna.

"Na ɗauka. Ke ma ki ɗauki tawa."

Suka dubi juna. Kafinta ya miƙe tsaye da tef a hannu ya ce a ɗauke wa, a kai ta ina, matarsa fa ake magana.

"Kai, yi mana shiru," in ji Mai Gishiri. "Aron sa'a ɗaya ne da yamma, za a dawo maka da abarka."

Sai a lokacin abin ya fara shiga kansa, shi ma ba duka ba. Auta za ta koya wa Mai Gishiri. Matar ɗan Mai Gishiri za ta koya wa Inna. Kowace tsohuwa za ta yi kuskurenta a gaban 'yar wani, ta dawo gida da girmanta. Ya juya abin ta kowane gefe yana neman inda zai yi rawa, bai samu ba.

Inna ta ɗaga murya ta kira Auta. Ta fito daga kicin hannunta da kumfa, ta durƙusa. Inna ta gaya mata abin da aka yanke, fuska a murtuke kamar hukunci take karantawa. Ta ƙara da sharaɗi. A gidan nan ba mai tambayar ta me ta koya. Ba mai buɗe mata littafi. In aka ji tana maimaita wani abu a ɗaki, rediyo ne.

Auta ta fashe da kuka, ta ce Inna ta yafe mata.

"Da kin zo ɗakina kin faɗa mini, da na zage ki, ya ƙare a ɗaki," in ji Inna. "Kunyar da ta hana ki magana da ni ita ta kai ni bakin shago. Tashi. Ki kwance jakar can, zannuwana duk sun yamutse."

Auta ta tashi tana share ido da bayan hannu, kumfa ta shiga mata ido, ta hau murza tana tsalle. Mai Gishiri ta ce ga malamar tata nan, Allah Ya sa ta fi ta gani. Auta ta yi dariya cikin kuka. Kafinta ya ji dariyar. Ya juya ya yi kamar yana duba ƙafar kujera.

Abin da za a ɗauka a nan ba shi da yawa. Auta alheri ta nufa, amma ta yanka wa Inna abu ba ta auna ta ba. Mijinta ma haka ya yi wa matan gareji. Wanda za ka yi wa alheri, shi za ka fara tambaya, ko da tambayar tana da nauyi, don in ba ka kai masa da bakinka ba wani zai kai masa da nasa. Kuma yarinyar nan da ta ɗora littafinta a saman kabad ba ta ɗaga wa kowa murya ba, ga shi ta sauko da shi, ta kuma jawo tsofaffi biyu a bayanta. Da ta yi rashin haƙuri, da jaka ta fita, da gida ya rabu.

Da Yaya ta bugo waya da daddare, Inna ce ta ɗauka. Kafinta ya ji tana cewa ba inda za ta, tana da abin yi, kuma nan gaba kaɗan ita za ta riƙa kira da kanta. Abin da Yaya ta ce bai ji ba, bai kuma tambaya ba.

Washegari ruwan ya sauka da asuba, gari ya yi sanyi. Kafinta ya buɗe shago tun kafin maƙwabta. Ya kifar da bencunan ya cire musu ƙafafu, ya yanka sababbi a kan awon Inna, ya bar guda biyu yadda suke saboda 'yan matan. Da ya gama ya zaɓi katako mai faɗi marar gaɓa, ya goge shi har ya yi santsi, bai rubuta komai a kai ba. Ya saɓa shi a kafaɗa, ya biya ya ɗauki gwangwanin fenti da burushi, ya kai gida ya jingine a bakin ƙofar Auta, ya koma aiki.